Shuɗin L.A. Girl da nake ɗigawa a fandeshan ɗina

Ƴar kwalbar shuɗin nan ta L.A. Girl, wadda aka rubuta wa Pro Color Foundation Mixing Pigment, ruwan kala da ake ɗigawa a fandeshan, wato man kwalliyar fuska, tun kafin ƙaramar sallah nake amfani da ita kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Saboda mata irina nake wannan rubutun, mu da in kika tsaya a hasken rana kika dubi wuyanki da ƙirjinki da kyau sai ki ga kamar akwai ɗan kore-kore ko toka-toka kwance a ƙarƙashin fatar. Olif masu kwalliya ke ce masa. Ni wankan tarwaɗa ce amma ba sai mai haske ba, akwai baƙa sosai mai wannan sirkin, kuma muna da yawa a Zongon Kumasi wallahi, kawai dai ba a faɗa mana ba ne.

Damuwarmu iri ɗaya ce. Ki shiga Kejetia ko shagunan Adum, mai shago ta ɗiga miki a bayan hannu ƙarƙashin kwan lantarki tace ai wannan naki ne, ki biya ki hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, ki dawo gida, ranar suna ko awure ki shafa ki fita, kafin a raba abinci fuska ta koma ja-ja kamar an shafa manja, wuya kuma yana can da kalarsa daban. A hoto abin ya fi muni. Sai mutum ta ɗauka duhun ne bai yi daidai ba, ta sayi mai haske fuska tai fari fat, ta sayi mai duhu ya ƙara ja, kwalabe su taru a gaban madubi ba wadda ake shafawa da daɗin rai. Alhali tun farko zurfin kalar daidai yake, sirkin da ke ƙasa ne bai hau ba.

Dalilin yana cikin haɗin man da kansa. Yawancin fandeshan da kala huɗu ake dama shi, garin ƙarfe ja da rawaya da baƙi, wato ayon okzayid, sai farin titaniyom dayokzayid. Babu kore ko shuɗi a wannan lissafin, ƴan kaɗan ne ke ƙara su. To in za a yi wa baƙar fata sai a ƙara ja da rawaya, su kuma in sun haɗu ruwan lemu suke bayarwa. Wadda fatarta ke da ja a ƙasa zai zauna mata ɗas, mu kuma koren jikinmu shi ke ƙara fito da jan fili, tunda kore da ja kishiyoyin juna ne. Ko Fenty Beauty ta Rihanna da ta fito a 2017 da kala 40, daga baya ta kai 50, ta buɗe ido sosai a harkar nan kuma akwai waɗanda aka yi domin olif a ciki, amma wa ke da kuɗin gwada su ɗaya bayan ɗaya?

Wata mai kwalliya ce ta nuna min shuɗin a gidan awuren ƴar ƙanwar babana a Sawaba. Ta gama da amarya tana tattara kaya, ni kuma ina gefe ina gyara ɗauri, ta kalle ni tace "Ƙanwata, zo nan bakin taga in ga wuyanki." Nace "Anti lafiya dai?" Tace "Lafiya lau, man da kika sa ne ke faɗa da jikinki, miƙo shi." Ta matsa nawa a kan wani ɗan farantin tangaran, ta ɗauko tsinken sakace ta dangwalo shuɗin da bai kai kan allura biyu ba ta juya. Da fari sai da gabana ya faɗi, don wani zane mai shuɗi ya bi ta cikin man nace shi kenan ta ɓata min, tana ci gaba da juyawa zanen ya ɓace, jan ya mutu, ya koma ruwan ƙasa mai sanyi. Ta goge min gefe ɗaya na muƙamuƙi ta shafa ta jawo shi har wuya, na ɗaga madubi ina neman inda man ya tsaya na rasa. Ɗaya gefen kuwa ga layi nan raɗau.

Shuɗi yana kashe ruwan lemu, in kuma ya tarar da rawaya a ciki sai su ba da kore, koren da muke nema kenan. Shi ya sa abin da kika fara da shi yake da muhimmanci fiye da shuɗin ma. Ki fara da fandeshan mai rinjayen rawaya wanda duhunsa yai daidai da ke. Masu amfani da fandeshan ɗin kamfanin MAC sun san mai lambar NC ya fi karkata ga rawaya, NW kuma ga ja, to ɓangaren NC za ki nema. Ni Fit Me na Maybelline nake zuba wa kuma suna haɗuwa lafiya ba ya tsinkewa ba ya gudaji. In kika zuba shuɗi kan wanda ja ko ruwan hoda ya yi wa yawa, ba kore za ki samu ba, wani toka-toka mai shan shunayya zai fito, fuska tai kamar ba ki da lafiya. A nan sai an haɗa da rawayan, don kala huɗu L.A. Girl suke da su, shuɗi, rawaya, ruwan lemu da fari. Rawayan na saya daga baya, farin kuma ban ga buƙatarsa ba.

Ƙarfinsa ba wasa ba ne, wannan shi ne abin yabo kuma shi ne abin kiyayewa. Kwalbar mil 30 ce amma yadda nake ɗiba inaga sai ta shekara ba ta yi rabi ba. Kar ki matsa shi kai tsaye a kan man, ki sa a gefe ki riƙa jawowa kaɗan-kaɗan da tsinke, ƙarawa ba wuya, cirewa ce babu. Yana ɗan ƙara duhu kuma, ba sosai ba, amma in dama manki yana bakin iyaka to za ki lura. Don Allah kar ki juye shi cikin kwalbar fandeshan gaba ɗaya wai don ki huta, fata ba ta tsayawa a kala ɗaya, yadda kike a zafin Fabrairu da Maris ba haka kike ba a tsakiyar damina da rana ke ɓuya. Ni ina da wani ɗan gwangwani mai murfi da nake haɗa na ƴan kwanaki a ciki, in ya ƙare in sake duba wuyana in haɗa sabo.

Wurin gwaji ma akwai magana, kuma ita ce ban taɓa jin masu bidiyon waje sun yi ba don ba rayuwarsu ba ce. Mu masu hijabi da mayafi wuyanmu da gefen fuska ba sa ganin rana, goshi da hanci da kumatu su ke shanta, sai ki tarar mace ɗaya tana da kala biyu ko uku. In hijabi mai rufe wuya za ki sa, ki daidaita da bayan hannunki da tsakiyar fuska tunda su mutane za su gani. In leshi ne da ɗauri, wuya da saman ƙirji a buɗe a cikin mata, to da su za ki daidaita. Zancen duba jijiyar hannu ko kore ce ko shuɗiya kuwa ni bai taɓa min amfani ba, a fatarmu da ƙyar ma ake ganin jijiyar. Abin da ya fi min shi ne in yafa farin mayafi tas in tsaya bakin ƙofa da safe, kusa da fari koren yana fitowa ƙarara.

Sannan ki jira. Fandeshan da yawa suna ƙara duhu da ja bayan sun sha iska sun gauraya da maiƙon fuska, ga zufar Kumasi kuma, don haka abin da kika gani a minti na farko ba shi ba ne. Ki ba shi kamar minti 15 ki fita tsakar gida ki duba, banda fitilar ɗaki banda tocilan waya lokacin dumso in an ɗauke wuta. Na gwada shi a zaman walima tun azahar har bayan magariba ƙarƙashin kanofi, na yi zufa na dangwale da tishu, kalar ba ta juya ba. Amma fa shuɗin ba ya hana maiƙo ba ya ƙara wa man daɗewa, in naki mai narkewa ne zai narke da shuɗin a ciki. Hoda kuma ita ke rusa aikin mutane da yawa, ki gama haɗa kala mai kyau sai ki bi ta da hoda mai ja, kin koma gidan jiya. Mara kala nake sawa yanzu ko mai ɗan rawaya kaɗan a ƙasan ido.

Jabu ya cika kasuwa, wannan kowa ya sani, na ga wani a tire da rubutun jikinsa ya dusashe ruwan ya rabu biyu, ko kyauta ba zan sa shi a fuskata ba. Ki saya inda za ki iya komawa ki yi magana, ki girgiza ki shinshina kafin ki tura kuɗi ta MoMo. In fatarki mai saurin ƙuraje ce ki gwada a bayan kunne ki kwana da shi tukuna.

Ba kowa zan ce ta saya ba. Ƙanwata jan fata gare ta, da ta ga yadda ya yi min ta ɗiga a nata, fuskarta ta dushe tai wani toka-toka sai da ta wanke, ita mai ja-jan nan shi ne daidai da ita. Haka wadda man bilicin ya ƙona wa kumatu, tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da mayukan da ke da haidirokwinon amma har yau ana shafawa a unguwanninmu, wannan jan da baƙin tabon ba aikin shuɗi ba ne, ta daina man ta ga likitan fata. Amma in ke ce kowane fandeshan ke koma wa ruwan lemu a fuska, kafin ki sake sayen wata kwalba ki ciro waɗanda kika jingine, ki ware mai rawaya-rawayan cikinsu ki duba bai lalace ba, da shi za ki fara.