Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci, a kula da masu tallan taya a WhatsApp

Salam ƴan uwa na Agege da Idi Araba da Mile 12, wallahi ba dan Allah ya tsare ba da yanzu zaman makokina ake yi.

Tayoyin gaban Corolla ɗina ƴar 2004 sun suɗe tas, kuɗin sabuwa kuma kun san yadda yake, sai ga wani a gurup ɗinmu yana saka hotuna wai kayan kwantena ne sabbi fil, rabin kuɗin shago. Hausa yake yi tsaf, yana ta Alhaji ai mu ƴan gida ne ba zan cuce ka ba, nan ya gama da ni. Na tura kuɗin guda biyu, 195/65 R15, ya aiko yaro da su baƙi siɗik sai ƙyalli suke.

Kwana tara kacal. Na wuce Berger zan je Ibadan da iyali a baya, ina kan doguwar gadar nan sai tayar dama ta fashe, motar ta fizge, ga tirela a bayana, har yanzu in na tuna sai gwiwata ta yi sanyi.

Mai facin da ya zo ne ya buɗe min ido. Ya ce Alhaji wannan ai tsohuwar tokumbo ce, an sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi dan ta yi kamar sabuwa, ya sa farce cikin zanen sai ga waya ta leƙo. Gefen duk tsagewa ne aka cike da folish. Ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, tawa an rubuta 1524 wato sati na 15 a 2024, amma in ka shafa wajen ka ji kaushi, an kankare na asali an buga wani. Ni shekara nawa ina tuƙi ban taɓa duba wajen ba, kunya ma ta ishe ni. Ƴan Road Safety kuwa sun daɗe suna cewa taya in ta shekara huɗu daga ranar ƙera ta to ta gama, ko a sito ta kwana.

Wasu ma sabbin ne da gaske amma cusa su ake cikin juna a kwantena dan a rage kuɗin dako, wayar bakin ta lanƙwashe tun kafin ta hau rim.

Na kira mutumin ya ce ramin titi ne, na sake kira ya yi bulokin ɗina, a gurup kuma ya fita. Dan Allah kar wanda ya tura kuɗin taya bai riƙe ta a hannu ba, ka je da mai facinka ya leƙa cikinta ya goge gefen da tsumma, a ba ka rasit mai adireshin shago. Ɗaya tayar tana nan a but ɗina, duk mai son gani ya same ni bayan la'asar a Zango.