Fom ta WhatsApp, kiran waya, ko bin gida-gida?

Malam, ka ce ƙungiyarku ta matasan unguwar Aboabo a Kumasi na son sanin iyalai nawa ne ke da bayan gida a cikin gidajensu, kana tambaya ko ku tura fom ta WhatsApp, ko ku kira mutane a waya, ko ku taka da ƙafa.

Fom ɗin Google ya fi arha da sauri, wannan ba musu. Amma wa zai cika shi? Saurayi mai babbar waya da data, mai karanta Turanci. Tsohuwar da ke bin layin bayan gidan kuɗi tun asuba, wadda matsalar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, ba za ta ko gan shi ba. Ga shi kuma fom yawo yake yi, sai ɗan unguwa da ke zaune a Jamus ya cika muku. Ko amsa dubu kuka tara, ba ta wakilci Aboabo ba.

Kiran waya kuwa, 'yan damfarar MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, sun riga sun ɓata shi. Baƙuwar lamba na fara tambayar suna da unguwa, sai ƙit, an kashe. Ku bar shi sai lokacin bibiyar waɗanda kuka riga kuka gana da su.

Ni dai gida-gida zan zaɓa, duk da rana da kuɗin ruwan sha na masu aiki. Nan ma hanya biyu ce, takarda ko waya. Takarda ba ta neman caji, amma sai wani ya zauna ya shigar da komai a kwamfuta, yana fama da rubutun da ba ya karantuwa. A ƙidayar jama'ar Ghana ta 2010 takarda aka yi amfani da ita. A ta 2021, wadda ta ba da mutum miliyan 30.8, Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta koma tabulet. Ku ma kuna iya yin haka da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, a wayar Android: yana aiki ba intanet, kuma idan kun tsara shi daidai ba zai bari a tsallake tambaya ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne cikin gidan kansa. Gidan haya ɗaya a zango na iya ɗauke da iyalai goma. Kada ku tambayi mai gida ku wuce. Masu ci daga tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya, haka za ku ƙirga. Ba dole ku shiga ko'ina ba. Ku tsai da ƙa'ida, misali kowane gida na biyar a kowane lungu, kada wani ya zaɓi gidan abokinsa don an san shi.

Ku sanar da liman da sarkin unguwa tukuna, ku sa mata cikin masu tambaya domin su ne za su shiga ɗakunan mata. Da hantsi 'yan kasuwar Kejetia duk sun fita, saboda haka ku fara bayan la'asar.