RX 580 ko GTX 1650, wanne ya dace da tsohuwar Dell ɗinka?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya da daddare amma wuta ce ba mu samu ba sai yanzu. Ka ce kana da Dell OptiPlex 9020 mai dogon kes ɗin nan, furosesa i5-4570, ram 8GB, had-dis 500GB, babu katin girafik a ciki, ka ɗan tara kuɗi kana so ka riƙa buga gem ɗin ƙwallo na FC da kuma GTA V ba tare da tana ciccijewa ba, kuma an ba ka shawara biyu kan katin girafik da za ka saya, wato katin da ke sarrafa hoton gem, wani ya ce RX 580 mai 8GB wani ya ce GTX 1650. Toh ni duka biyun sun taɓa zama a kwamfutata shi yasa na ce bari in zauna in rubuta maka da kyau, don wallahi ina jin ciwon in ga mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar ya je ya sayo abin da zai zo ya ajiye a kwali.

In dai ƙarfi zalla ake magana RX 580 ya fi, wannan babu gardama. AMD ne suka fito da shi a 2017, ma'ajiyarsa 8GB, a 1080p yana ɗaukan gem da saiti mai kyau, kuma wannan 8GB ɗin yana da rana sosai a sababbin gem masu cin ma'ajiya. Shi kuma GTX 1650 na Nvidia ne, 2019, 4GB kawai gare shi, in ka haɗa su a gem ɗaya za ka ga fps ɗin RX 580, wato yawan hotunan da yake fitarwa a sakan, ya wuce nasa a fili. Shi yasa duk wanda ya kalli bidiyon gwaji a YouTube zai ce maka ka ɗauki 580 kawai, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai su masu gwajin nan a kan kwamfuta mai ƙaton fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, suke yi, a ɗaki mai sanyi, wutarsu ba ta ɗaukewa. Kai kuma Dell ta ofis ce a gabanka.

Nan ne matsalar take. Fawa fak ɗin da ke zuwa da 9020 mai dogon kes wat 290 ne, kuma ba shi da filogin nan mai rami 6 ko 8 da manyan katuna ke buƙata. RX 580 shi kaɗai wat 185 yake ci, furosesarka i5-4570 wat 84, ka haɗa ka gani 269 kenan tun ba a zo kan madabod da fankoki da had-dis ba, ka ga babu inda za a je. Dole sai ka sayi wani fawa fak, aƙalla wat 500 kuma mai kyau ba irin marar nauyin nan da za ka ɗauka ka ji kamar gwangwani ba. Sannan Dell sun yi wani abu a wannan samfurin, bakin wutar madabod ɗinsu rami 8 ne ba 24 da kowa ya sani ba, don haka sai ka nemo adafta mai juya 24 zuwa 8. Bayan wannan kuma yawancin 580 masu fanka biyu dogaye ne, suna zuwa su tokari ƙarfen da ake ɗaura had-dis, wasu sai sun cire ƙarfen gaba ɗaya kafin katin ya zauna. Ka ga kuɗin kati ɗaya ya koma kuɗin abu uku da kuma wahala.

GTX 1650 kuwa wat 75 ne, kuma da yawansu daga ramin madabod kawai suke shan wuta, ka buɗe kes ka danna shi ka ɗaure noti ka sa direba, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, shikenan. 75 da 84 ya kama 159, fawa fak ɗinka na asali zai ɗauka hankali kwance. Amma ka duba da idonka kafin ka biya, akwai wasu 1650 ɗin da ke zuwa da filogi mai rami 6 a samansu, irin waɗannan ba naka ba ne, ka nemi wanda babu komai a jikinsa. Kada kuma ka rikita shi da 1650 Super, wancan ya fi ƙarfi amma shi ma yana son filogi.

Sai maganar wutar gida, wadda ni a wurina ita ce ta fi komai nauyi. In kana kan ƙaramin janareta ko inbata da batir ɗaya, bambancin wat 110 tsakanin katunan nan ba ƙaramin abu ba ne, awa uku kana gem za ka ji shi a batir, za ka ji shi a mai. Kuma duk wutar da kati ya ci zafi take komawa, kes ɗin Dell fanka ɗaya ce ƙarama a bayansa, ba a yi shi don fitar da zafin 580 ba. Ka tuna watan Afrilu da Mayu a garuruwanmu yadda ɗaki yake zama da rana, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki, katin da ke zafi sosai a irin wannan yanayin da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, sai ka ga ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ma ba ka samu duka ba.

Akwai kuma batun daga ina katin ya fito. RX 580 na daga cikin katunan da aka fi haƙo kuɗin kirifto da su, musamman Ethereum, dare da rana shekara da shekaru, har zuwa Satumba 2022 da aka daina haƙarsa da katin girafik, daga nan suka malalo kasuwa da araha. Ba duka ne suka lalace ba, amma da yawa fankarsu ta gaji, man da ke kan cif ɗin ya bushe, wasu an canza musu BIOS, wato manhajar asali da ke cikin katin. Ni nawa na farko haka ya zo min daga wani mai sayarwa a intanet, sati biyu yana aiki lafiya daga nan allo ya fara fitar da layi-layi kore, na kira lamba ba a ɗauka. Sannan akwai wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, an yi shi ne don kasuwar Chana, a zahiri kusan RX 570 ne aka sa wa suna. Ka sa manhajar GPU-Z ka duba wurin Shaders, na gaske 2304 zai nuna, in ka ga 2048 to kada ka biya kuɗin 580. Ɓangaren Nvidia ma akwai jabu, an fi yin su da sunan 1050 Ti, tsohon kati ne ake sauya wa suna, don haka kowanne za ka saya, ko a titin Beirut a Kano ne ko Banex a Abuja, ka ce a jona maka a gabanka, a kunna manhajar gwada kati ta FurMark minti 15 zuwa 20 kana kallon zafinsa kana sauraren fanka.

Ta wajen direba ma 1650 ya ɗan fi kwanciyar hankali don danginsu ɗaya da katunan RTX 20 na Nvidia, shi kuwa 580 tun 2023 AMD suka rage ba shi sababbin direba akai-akai.

Yanzu ga abin da nake so ka ji sosai. Kafin kati ma, ka cire ɗan kuɗi ka sa SSD, wato ma'ajiyar da ta fi had-dis sauri, ko da 256GB ne ka mayar da Windows kansa, had-dis ɗin ya zama na ajiya. Had-dis irin naka ba ya wuce 100 zuwa 150MB a sakan, SSD na SATA yana kai 500, kuma wani ɓangare na ciccijewar da kake gani a GTA V in kana gudu da mota gari yana lodi daga nan take. Ram kuma ka kai shi 16GB, DDR3 ce na hannu ba ta da tsada, madabod ɗinka rami huɗu gare shi, ka sa su bibbiyu iri ɗaya don su yi aiki tare. In ka sayi 580 da fawa fak da adafta, ina tsoron kuɗin waɗannan biyun ba zai ragu ba, kuma kati mai ƙarfi a kan had-dis da ram 8GB zai ci gaba da tsaitsayawa ka rasa dalili.

Game da FC, mafi ƙarancin abin da EA, kamfanin da ke yin gem ɗin, suka rubuta wa FC 24 shi ne 1050 Ti ko RX 570, ka ga 1650 ya haye, amma furosesar da suka rubuta i5-6600K ce wadda ta ɗara taka. Ma'ana ko wane kati ka sa, wani lokacin furosesar ce za ta riƙe ka. Maganinsa nan gaba furosesa i7-4790, rami ɗaya suke shiga da taka, LGA1150, kwakwalwa 4 ce ita ma amma tana aiki kamar 8, ka sabunta BIOS ɗin madabod tukuna kafin ka sa ta. Daga nan kuma ka tsaya, kada ka ƙara zuba wa kwamfutar kuɗi, don Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 kuma duka furosesocin nan biyu ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Toh wa zan ce ya ɗauki 580? Wanda yake da sola mai ƙarfi ko wuta tsayayya, yana da kuɗin fawa fak mai kyau a gefe, ya iya buɗe kwamfuta da kansa, kuma yana da niyyar haɗa sabuwa nan da shekara ɗaya ya kwashe katin da fawa fak ɗin ya tafi da su. In kai ne wannan, bismillah, za ka ji daɗinsa. Amma yadda ka kwatanta halin da kake ciki ni 1650 da SSD da ƙarin ram zan saya ba tare da na sake tunani ba.

Dan Allah ka buɗe gefen kes ɗin ka ɗauko min hoton takardar da ke manne a jikin fawa fak da kuma ramukan ram, don in Dell ɗin ta kasance siririyar nan ce ba mai dogon kes ba to wat 255 ne kuma sai gajeren kati, lissafin zai ɗan canza.