Gargaɗi ga masu kiwon aladu a Kumasi: kada ku tura kuɗi kan hoto

'Yan'uwa, musamman mutanenmu na arewa da ke kiwon aladu wajen Ejisu da ƙauyukan Atwima, a yi hattara da masu tallar matan aladu na haihuwa a Facebook da WhatsApp. Ko kai ba ka kiwon alade, ka isar wa maƙwabcinka da ke yi, don hannun da ke cutarsa shi ne gobe zai tallata maka tunkiya.

Ga yadda suke yi. Za ka ga hoton fararen aladu tiƙa-tiƙa a ɗaki mai tsabta, a ce Large White ne ko Landrace, duk da ciki, farashi rabin na kasuwa. Kana nuna sha'awa sai a ce saura biyu, wani daga Accra na hanya, ka tura kafin alƙalami ta MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, a ajiye maka. Bayan ka tura, wai direba ya kira, an tsare shi a shinge, a ƙara kuɗin takarda. Ka ƙara, waya ta mutu. Sunan da ke kan layin ma ba shi ne wanda aka faɗa maka ba.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta waɗanda ke kawo dabbar da gaske. Wani tsohuwar uwa zai kawo maka, wadda ta gama haihuwarta, nonuwa sun saki, ya rantse budurwa ce. Wani kuma cuta ce ta shiga garkensa, yana neman ya rabu da sauran kafin su faɗi. Zazzaɓin aladu na Afirka ya shigo Ghana tun 1999, kuma ba shi da magani. Dabba ta daina ci, jiki ya yi zafi, kunnuwa da ciki su yi ja, cikin 'yan kwanaki ta mutu, sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya tara shekaru yana ɗora sidi kan sidi, mace ɗaya mai araha ta share masa ɗaki gaba ɗaya. Wanda ya san garkensa na da cuta ya sayar wa talaka, wallahi ya fi ɓarawon waya mugunta.

Gani ya kori ji. Ka je gonar da ƙafarka, in ya hana ka zuwa, magana ta ƙare. Ka ga uwar dabbar da sauran garken, ka ƙirga nonuwa, kada su gaza 12. In ya ce tana da ciki, ya faɗi ranar da aka yi barbara. Cikin alade kwana 114 ne, mai kiwo na gaskiya yana rubuta ranar. Ka nemi takardar izinin ɗaukar dabba daga likitan dabbobi na gwamnati, kuma in ta iso ka ware ta wata guda kafin ta haɗu da naka.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta rufe masa baki. Ya ajiye lambar da saƙon shaidar tura kuɗin, ya kai wa 'yan sanda, ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ya kuma sanar da kamfanin layin tun ba a cire kuɗin ba.