EZ Shim na SPC: faifan gyara kwanciyar tayar baya, da motocin da yake yi wa amfani

Idan ka tsaya a bayan mota ka ga saman tayoyin baya sun karkato ciki, gindinsu ya buɗe waje, abin da masu alaimen ke kira kamba ke nan. Kaɗan daga cikinta da gangan aka yi: Golf 3 da Corolla ta 2003 zuwa 2013 suna fitowa daga kamfani da kwanciyar kusan digiri 1 da rabi, don motar ta kama titi a kwana. In ta wuce haka, gefen taya na ciki zai cinye har waya ta fito alhali na waje yana nan sabo.

Matsalar waɗannan motoci ita ce ƙafafun bayansu a kan aksul guda suke, ba noti ko ɗaya da aka tanada don saiti. Nan EZ Shim na kamfanin SPC na Amurka ya shigo. Faifai biyu ne na roba mai tauri a manne da juna, kowanne gefe ɗaya ya fi kauri, da lambobi a bakinsu. Ana juya su a haɗa lambobin da jadawalin cikin kwalin ya nuna, a cire gurbin kusoshi, a saka tsakanin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, da fuskar aksul. Yana gyara kamba da kuma to, wato karkatar gaban taya ciki ko waje, har zuwa digiri 1.5. Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Abin da ya fi burgewa a ciki shi ne hob yana zama a kan faifan gaba ɗaya. Kwatanta da dabarar gareji ta cusa washa a bayan kusoshi biyu daga cikin huɗu. Lissafinta daidai ne, domin in tazarar kusoshin sama da na ƙasa milimita 60 ce, washa mai kaurin milimita 1 tana ba da kusan digiri 1. Amma ta bar rami a tsakiya, nauyin mota ya koma kan ɗigo biyu, kowane gargada yana lanƙwasa kusoshin. Da farko su saki, daga baya su tsage, kuma kusoshin nan huɗu ne kaɗai ke riƙe da ƙafar. Gasa aksul da wutar walda a taushe shi ya fi wannan muni, don ƙarfen ba ya komawa ƙarfinsa.

Kafin a saya, a auna. A ajiye motar a daɓe mai lebur, babu kaya a but, iskar tayoyi daidai. A rataya igiya mai noti a gefen ƙafar, a auna daga igiyar zuwa leɓen rim na sama, sannan na ƙasa. In tsakanin leɓen sama da na ƙasa milimita 400 ne, bambancin milimita 7 shi ne digiri 1. Hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin digiri. Wannan awo na gane matsala ne kawai; lambobin da za a juya faifan da su sai daga na'urar alaimen, saboda kuskure kaɗan a saitin to ya fi na kamba saurin cin taya.

Aikin kansa: a ɗaga mota a kafa mata tsayayyen ƙarfe, ba jak kaɗai ba. A cire taya da diram, a kwance kusoshin hob, a kankare tsatsar fuskar aksul har ta yi sumul. A motar diram faifan yana shiga bayan farantin birki. A ɗaure kusoshin a gicciye da sifana mai awon ƙarfi, gwargwadon littafin motar, a koma na'ura a sake dubawa.

Yana da nasa aibin. Jadawalin na da rikitarwa, kuma lambobin hagu ba su ne na dama ba; in aka cire gurbi ba daidai ba, faifan ya tashi aiki. Ba a ɗora biyu a ƙafa ɗaya. A wasu motoci masu birkin diski, hob na karkata ya bar kalifa, wato abin da ke matse diskin birki, a inda take, sai birki ya riƙa goga, dole a nemo mata nata siraran shim. A kuma duba tazarar sensar ABS.

Akwai motocin da sayensa asara ce. Peugeot 206 da ƙafarta ta kwanta, boris ɗin cikin hannun aksul ne ya mutu, sai an canza shi. Civic ta 2006 zuwa 2011 da Accord ta 2003 zuwa 2007 kowace ƙafa da hannuwanta take, maganinsu hannun sama mai zare da ake tsawaitawa, bayan an tabbatar bushin da sifirin ba su gaji da lodi ba. Aksul da ya lanƙwashe fiye da digiri 1.5 kuwa, a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo wani miƙaƙƙe.