Mam Tor ko Kinder Scout: wanne za ka fara hawa?

Ɗan'uwa da ke karatu a Manchesta ya yi tambaya: yana da Asabar guda, ba shi da mota, bai taɓa hawan tsaunukan Ingila ba, shin Mam Tor zai nufa ko Kinder Scout? Malam, ka fara da Mam Tor. Ga dalilina.

Duka biyun a tasha ɗaya ake sauka, wato Edale, a kan layin dogon da ya haɗa Manchesta da Shefild, kuma daga tashar Piccadilly ta Manchesta tafiyar ba ta kai awa guda ba. Kana fitowa, Kinder na arewa da kai, Mam Tor na kudu. Suna cikin Peak District, yankin da Birtaniya ta fara keɓewa a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951. Tsayin Mam Tor mita 517 ne, Kinder kuwa 636. Wannan ɗan bambancin shi ke yaudarar baƙo, ya ɗauka duk tafiyar ɗaya ce.

Mam Tor doron tsauni ne, hanya ɗaya miƙaƙƙiya, mafi yawanta an shimfiɗa mata duwatsu. Ka hau, ka bi ta Hollins Cross da Back Tor har Lose Hill, kwarin Edale a hagunka, kwarin Hope a damanka. Ɓata hanya sai da gangan. Awa uku zuwa huɗu sun ishe ka, har da tsayawa ɗaukar hoto. A gindinsa akwai tsohon titin mota da zaizayar tsaunin ta yi ta karyawa har hukuma ta haƙura ta rufe shi a 1979. Ya cancanci a leƙa. Aibinsa biyu ne: iska mai kaɗa mutum, da cunkoso. Ranar Asabar mai rana sai ka yi layi kafin ka ɗauki hoto a ƙololuwa.

Kinder wani abu ne daban. Samansa shimfiɗaɗɗen fili ne mai faɗin gaske, ba bishiya, ba gida, sai baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso, ruwan sama ya yanka ta kwazazzabai masu kama da juna. Inda ka zaci tudu ne, ƙafa na iya nutsewa har gwiwa. Idan hazo ya sauko, kuma yakan sauko ba sallama ko da rani, gabas da yamma duk ɗaya suke zama. Masu zuwa daga Edale galibi sukan bi farkon doguwar hanyar ƙafa da ake kira Pennine Way, su hau matakalar duwatsu da ake kira Jacob's Ladder, su bi gefen filin ba tsakiyarsa ba. Ka ware awa biyar ko fiye. Ladan wahalar kuwa akwai shi: manyan duwatsun da iska ta sassaƙa, da Kinder Downfall, wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, inda iska mai ƙarfi kan mayar da shi sama. A watan Agusta gajeren tsiron da ke rufe gangaren yakan yi fure, wuri ya koma shunayya.

A da talaka ba ya taka wurin nan, masu ƙasa sun killace shi don harbin tsuntsaye. A Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchesta, suka kutsa da gangan, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Dokar da ta ba kowa damar yawo a irin waɗannan filaye sai a shekarar 2000 aka yi ta.

Mam Tor zai karɓe ka da takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa. Kinder sai da takalmin hawa na gaske, taswirar takarda mai lamba OL1, kamfas, da abokin tafiya da ya san wurin, domin sabis ɗin waya yakan ɗauke. Ka riƙe guzuri da ruwan alwala, babu shago a sama. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, don haka ka ajiye Kinder sai Mayu zuwa Satumba. In wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, ka kira 999 ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto a tsauni kake buƙata.