Gargaɗi Kan Masu Sayar da Gurbin Soja da Alƙawarin Zama Hafsa

Ina jan hankalin iyaye da matasa game da wata damfara da takan farfaɗo duk lokacin da Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya ta buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata. Masu yin ta sukan ce suna da gurbi a hannu daga kason wani babban janar, kuma idan yaro ya shiga a matsayin kurtu, to da zarar ya gama horo za su sa a ɗaga shi zuwa hafsa, ba tare da ya bi layin da kowa yake bi ba. Wannan magana ƙarya ce tun daga tushenta.

A unguwarmu abin ya faru da wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai. Wani mutum mai tsabtar tufafi da laushin harshe ya riƙa zuwa majalisarsa bayan la'asar, yana nuna masa hotunansa a waya cikin kaki, yana cewa, "Baba, ai ɗanka ɗana ne, ba zan bari ya ƙare da igiya a hannu ba, anini za a liƙa masa a kafaɗa." Dattijon ya sayar da bijimai biyu, ya tura kuɗin cikin asusun da aka ba shi, wanda sunan da ke kansa ma ba na mutumin ba ne. Bayan mako uku aka turo wa yaron takarda ta WhatsApp mai ɗauke da tambarin soja, ana umurtarsa ya je barikin horar da kurata da ke Zariya. Ya aske kansa, ya sayi bokiti da takalman gudu, ya yi sallama da dangi. A bakin ƙofa aka duba jerin sunaye babu nasa, kuma ya yi sa'a da sojan da ke gadi ya ji tausayinsa ya kore shi kawai, domin gabatar da takardar jabu a bariki laifi ne da kan kai mutum ɗakin tsaro. Lambar wayar mutumin a kashe take har yau.

Abin da ya sa irin wannan ƙarya take shiga kunne shi ne mutane da yawa ba su bambance hanyoyin ba. Wanda aka ɗauka kurtu yana yin horonsa na kimanin wata shida a Depo na Zariya, wanda aka kafa tun 1924, ya fito ƙaramin soja. Hafsoshi kuwa a Kaduna ake horar da su, a makarantar NDA da aka buɗe a 1964. Mai takardar sakandare da yake son shiga babban kwas ɗinta sai ya rubuta jarrabawar JAMB, ya ci jarrabawar tantancewa ta makarantar, sannan ya tsaya gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, inda ake gwada lafiyarsa da ƙarfin jikinsa da kaifin tunaninsa. Mai digiri yana da tasa ƙofar ta gajeren kwas. Gaskiya ne ƙaramin soja yana iya zama hafsa, amma sai bayan ya yi shekaru yana aiki, kwamandansa ya shaide shi, ya cika sharuɗɗan ilimi da na shekaru, ya kuma ci jarrabawa tare da ɗimbin abokan aikinsa masu neman abin da yake nema. Babu wani farar hula ko mai kaki da yake da ikon sayar da wannan tun yaro bai taka Depo ba.

Akwai wata dabara tasu da ta fi takardar jabu haɗari, domin ita ce take sa a ci gaba da yarda da su. Ɗan damfara yakan karɓi kuɗi daga gidaje da yawa, ya ce kowane yaro ya cike takardar neman aiki ta intanet kamar yadda aka saba, shi kuma ya koma gefe ya naɗe hannu. Idan sunan ɗaya ya fito da ƙoƙarin kansa da rabonsa, sai ya bugi ƙirji ya ce aikinsa ne, iyayen yaron kuma su zama masu yi masa talla a gari. Sauran sai a ce musu su yi haƙuri sunansu yana rukuni na gaba, amma a ƙaro wani abu na likitan da zai duba lafiya.

Rundunar ta sha nanatawa cewa neman shiga aikin kurtu kyauta ne, ana yin sa a shafinta da adireshinsa ke ƙarewa da army.mil.ng, kuma ana tantance kowa ne a jiharsa ta asali. Kuɗin takardar NDA ana biyan sa ne ta hanyar da makarantar ta sanar a hukumance, ba a asusun wani mutum ba. Saboda haka kada a miƙa wa kowa ainihin takardun makaranta, ko lambar NIN da BVN, kada kuma a bar yaro ya kama hanya zuwa wani otal ko gida da sunan tantancewa.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta hana shi magana. Ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonni da lambobin waya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, idan kuma mai damfarar yana iƙirarin soja ne, a kai rahoto bariki mafi kusa. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiyar mutane da yaudara.